Baba Tsaya-Tukun da Hon Ɗin Motar Burodi

Kafin mai shayin bakin layi ya gama jera kofunansa, Baba Tsaya-Tukun ya riga ya zare kwaɗon shagonsa. Shago dai sunansa shago, amma wallahi idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito kafin ɗayan ya iya juyawa. Ƙofar ƙarfe ce mai ganye ɗaya, da kanta uku a bango, da wani tsohon batirin babbar mota a ƙarƙashin tebur. Zai fara share gaban shagon tas, ya yayyafa ruwa, sannan ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera kayan aikinsa: filaya biyu, sukundireba manya da ƙanana, wuƙar fere waya, naɗin baƙin tef, da gwangwanin madara cike da fis kala-kala. Na ƙarshe da yake fitarwa shi ne ƙwan gwajinsa, wani ɗan ƙwan fitilar mota da ya liƙa wa waya biyu da dalma tun kafin a haifi rabin direbobin da suke zuwa wurinsa. Sai ya dangwala shi a kan batir ya ga ya kawo haske, sannan ya yi bismilla ya zauna.

Aikinsa gyaran wutar mota, kuma shekara arba'in da uku ke nan yana yinsa a layin nan. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, shi ya sa na ce ni kam ba zan yi shiru ba. Irinsu ba a kiran taro dominsu, ba a ba su allon yabo su rataya a falo. Ranar da suka daina fitowa sai dai wani ya ce, "Af, wai ina tsohon nan ne?" a wuce wurin. Shekara goma sha tara shi yake duba min tsohuwar motata, kuma akwai wani laifi da nake da kaso a cikinsa, zan faɗe shi idan mun isa wurin.

Sunan nasa direbobi ne suka laƙaba masa. Za ka zo a guje, fasinja na jiranka, ka ce, "Baba, fis ne kawai ya ƙone, sa min wani in wuce." Ko kallonka ba zai yi ba zai ce, "Tsaya tukun." In ka matsa masa sai ya ɗago ya tambaye ka, "Fis ɗin haka kawai ya ga dama ya ƙone? Wa ya ɓata masa rai?" Daga nan ka san ka zaunu, don sai ya bi wayar nan daki-daki har ya gano inda ta goge take taɓa ƙarfe. Masu gajen haƙuri sun sha yin fushi su tafi, bayan kwana biyu kuma ka gan su an turo su sun dawo, suna ta sosa ƙeya.

Mai faci, maƙwabcinsa na dama, wanda suka shafe shekara talatin suna faɗa a kan motar wa ta tare gaban shagon wa, shi ne ya fi kowa sanin labaransa. Ya ce da idonsa ya ga ranar da wani ɗan tasi ya zo, Baba ya buɗe akwatin fis ya tarar an cusa takardar sigari mai ƙyalli a gurbin fis guda uku. Sai ya zare makullin motar ya jefa a aljihun gaban rigarsa. Ɗan tasi ya yi ta tsalle yana cewa, "Baba, ba ni makullina, motata ce fa!" Baba ya ce, "Taka ce mana. Mutanen da kake zubawa a ciki fa, su ma naka ne? Je ka kira duk wanda za ka kira." Sai da aka gyara wayar motar ta bar wurin.

Akwai kuma wata malamar makaranta da motarta kullum da safe take ƙin tashi. An canza mata batir har sau biyu, a banza. Baba ya zagaya motar sau uku, sai ya cire hularsa ya miƙa wa malamar, ya shige but, wurin kaya na bayan motar, ya naɗe ƙafafu, ya ce a rufe shi. Malama ta ce, "Baba, ka rufa min asiri!" Ya ce, "Rufe dai, 'yata." Da aka buɗe sai ga shi yana dariya, ashe fitilar but ɗin ce ba ta mutuwa in an rufe, ita ke shanye batirin kafin gari ya waye. A lokacin ya haura sittin, kuma sai da mai faci ya kama hannunsa kafin ya iya fitowa.

Amma a duk kayan wutar mota babu abin da Baba yake ɗauka da zafi kamar hon. Direba ya kuskura ya ce masa, "Bar hon ɗin, ba dole ba ne," to ya jawo wa kansa wa'azi. "Kai kana ciki, ƙarfe ya kewaye ka," in ji shi. "Wannan abin ba don kai aka sa shi ba, don wanda yake tafiya a ƙasa ne."

Idan hon ya mutu, yawancin masu gyara sai su bi tsohuwar waya suna faci, nan tef can tef. Shi in ya tabbatar tsohuwar hanyar ta ruɓe, sabuwa fil yake ja. Zai ɗauko waya mai kauri daga kan batir, ya sa mata fis nata na kanta, ya kai ta wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana da suke kira rile, daga nan ta wuce hon. Ɗaya ƙafar hon ɗin kuma ya kankare tsatsa ya ɗaure ta a jikin ƙarfen motar, don wuta ta samu hanyar komawa. Madannin kan sitiyari aikinsa kawai ya taɓa rile, nauyin wutar ba ya bi ta kansa. "Rile maigadi ne," haka ya taɓa yi min bayani. "Kai dai ƙwanƙwasa masa, shi zai buɗe wa babbar wuta ƙofa." Bayan haka akwai wani ɗan noti a bayan kowane hon da ake murɗawa a daidaita murya. Baba sai ya kafa kunnensa a jikin hon ɗin, direba na dannawa, shi yana murɗawa kaɗan-kaɗan har muryar ta fito tar.

To shekara arba'in ana busa wa mutum hon a cikin kunne, me ake tsammani? Na dama ne ya fara tafiya, na hagu ya bi shi a hankali. Sai ka ce masa, "Baba, ina gajiya?" ya amsa maka, "Ai batir ɗin ne." Ka ce, "Yaya mutanen gida?" ya ce, "Dawo gobe da safe." Mu kuma mu sunkuyar da kai mu yi 'yar dariyarmu a ɓoye. Matarsa, wadda duk layin ke kira Iya, tela ce a cikin gida, mace ce da ba ta barin magana ta kwana a cikinta. Ita kam ta sha faɗa masa, shi kuma ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana. A shago sai ya samo wata dabara. In an gama aiki ya ɗora tafin hannunsa a kan hon ya ce a danna, idan ya ji yana rawa a hannunsa sai ya ce ya yi.

Kowa a layin ya san halin da ake ciki. Mai shayi ya sani, mai faci ya sani, ni ma na sani. Babu wanda ya iya tsayawa a gabansa ya ce, "Baba, ba ka ji fa." Muka sa wa shirunmu suna girmamawa. Yau ina faɗa da babbar murya, ragwanta ce kawai, kuma ina jin haushin kaina har yanzu.

Shekara biyu da suka wuce, wani direban motar burodi da ake kira Dogo ya kawo masa hon da ya mutu. Dogo mutum ne mai ladabi har ya yi yawa, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Baba ya duba ya ga hon ɗin ne ya ƙone, ya sa sabo. Ya dangwala ƙwan gwajinsa a tsohuwar wayar, ƙwai ya kawo haske, sai ya ce hanyar lafiyarta ƙalau, babu buƙatar jan sabuwa. Abin da ido ba zai nuna masa ba shi ne, wayar ta ruɓe a ciki saura sili biyu ko uku. Ɗan ƙwan fitila wuta kaɗan ta ishe shi, amma hon mai ci ne. Dogo ya danna, abin da ya fito wani gurnani ne ƙasa-ƙasa kamar na akuya mai mura. A da, tun daga nesa Baba zai ce, "Wannan yunwa yake ji." Ranar kuwa hannunsa ya ji rawa, sai ya buga bonet ya ce, "Ya yi. Allah ya tsare hanya."

Dogo ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli furfurar Baba, ya mayar da bakinsa ya rufe. Ya ce a ransa wataƙila in inji ya yi gudu batir ya cika, muryar za ta buɗe.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, Dogo yana saukowa gangaren bayan kasuwa, inda wata doguwar katanga ta rufe kwana ba ka ganin mai fitowa. Duk direban da ya san wurin tun daga sama yake danna hon. Dogo ya danna, ya sake dannawa. Wani mai baro ya turo buhunan siminti huɗu ya shigo titi, don bai ji komai ba. Dogo ya taka birki iya ƙarfinsa, amma mota ta riga ta iso. Mai baron, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya karye a cinya.

Mai faci ne ya ɗauki nauyin faɗa wa Baba. Ya ja shi gefe ya raɗa masa, Baba ya ce, "Wa ya zo?" Ya sake faɗa da ɗan ƙarfi, Baba ya ce, "To a shigo da ita mana." Mai faci ya rasa yadda zai yi, hawaye na zubo masa ya kafa baki a kunnensa na hagu ya kwarma ihu, "Hon ɗin da ka sa wa Dogo ba ya ƙara! An buge mutum!" Duk layin ya juyo, har mai walda ya kashe injinsa. Baba ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawar da ido. A nan ya gane cewa mun daɗe da sani. Ya tattara kayansa a buhu ba tare da ya jera su ba, ya rufe shagon da rana tsaka.

Washegari Iya ta raka shi asibiti. Ya tsaya a ƙarshen gadon mai baron, an ɗage ƙafar an rataye, ya ce, "Ni ne na gyara hon ɗin motar da ta buge ka." Da yake ba ya jin muryar kansa, duk ɗakin sai da aka juyo. Mai baron ya yi magana a hankali, Iya ta juyo da fuskar Baba wajenta ta maimaita masa, don bakinta ya fi iya karantawa. "Ya ce shi bai ji komai ba sai ƙarar birki."

Baba ya ce, "Ni ma ban ji ba, ɗana. Na fi shekara rabona da in ji hon. Ɓoyewa na yi."

Mai baron ya ce, "Haba Baba, ƙaddara ce. A ba shi kujera ya zauna."

Da Iya ta maimaita masa sai ya girgiza kai ya ce, "Ƙaddara ce, amma ta hannuna ta biyo." Ya ƙi zama har suka fito.

Kwana goma sha ɗaya shagon yana rufe. Babban ɗansa ya zo ya kai shi wurin likita, aka ba shi ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne. Yana ɗan kama magana in an matso kusa, amma hon kam duk iri ɗaya yake mayar da su, ƙara ce kawai mai huda kai, ba ka bambance mai lafiya da maras lafiya. Ɗan ya ce, "Baba, ya isa haka, ka huta." Baba ya ce to. Sai dai abinci ya daina shiga, kullum yana zaune a tsakar gida a kan tabarma yana lanƙwasa yatsu yana miƙewa.

Ranar ta goma sha ɗaya Iya ta tsayar da keken ɗinkinta, ta zo ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu. "Malam, wai me kake ta ƙirgawa ne?"

"Motoci," in ji shi. "Tun da na koma gwaji da hannu, hon goma sha tara na sallama. Ɗaya ta nuna kanta. Goma sha takwas suna kan titi yanzu haka, ban san wadda take da murya ba. Duk sanda na rufe ido katangar nan nake gani."

"To zaman me kake yi? Tashi ka nemo su mana."

"In na nemo su in saurara da wane kunnen?"

Iya ta kama kunnuwanta biyu ta ja ta nuna masa. "Waɗannan fa, ado ne? Shekara arba'in suna jin minsharinka, ko gezau ba su yi ba. Tashi ka sa rigarka."

Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa taka shagon ba, ita ce washegari ta riƙo masa buhun kaya har bakin ƙofa. Wani abin dariya kuma, Baba bai san sunan ko mutum ɗaya daga masu motocin ba, motocin ya sani. "Jar tasi mai tsagaggen madubin hagu." "Farar bas da ake ɗaure ƙofarta da igiya." "Shuɗiyar motar malamin nan mai yawan tambaya." Wannan ta ƙarshen tawa ce. Mai faci ya bar aikinsa, shi da Iya suka bi tashoshi da gareji suna kwatance, har aka tattaro su cikin mako uku, ban da guda ɗaya da aka riga aka sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Iya ce ta tsara yadda za a yi gwajin. Daga shagon zuwa kwanar da mai walda yake, taku ɗari ne cif, ita ta auna da ƙafarta. Sai ta je ta shige bayan wata katanga da ke kwanar, inda ba ta ganin mota, a danna hon. In ya iso ta yadda zai sa mai tafiya ya zabura, sai ta fito ta ɗaga gefen mayafinta. In bai iso ba, ta fito hannu a ƙasa. Motoci biyar ta fito musu hannu a ƙasa, kuma tawa tana ciki. Ta tako har gabana ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wata huɗu kana yawo da wannan abin a cikin gari? Kai kunnen ne babu, ko bakin?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na sani sarai hon ɗin ya shaƙe tun ranar da aka gyara, na yi ta ce wa kaina ai yana ɗan yi. Duka biyar ɗin Baba ya ja musu sabuwar hanya daga batir.

Saura motar burodi. An gyara mata gaba an yi fenti, amma Dogo ya ƙi zuwa, kunya ta hana shi ko bi ta layin. Baba da kansa ya je har gidan burodin ya same shi. Dogo ya durƙusa yana cewa, "Baba, laifina ne, na ji kuma na yi shiru." Baba ya ɗago shi ya ce, "Kai ka yi shiru, ni na ɓoye. Kawo motar mu gyara abin da zai gyaru."

Ranar da aka kawo ta, layin kamar an yi shela. Baba ya zare tsohuwar wayar gaba ɗaya, ya fere ta a gaban kowa ya nuna mana yadda ta zama gari a ciki. Ya ja sabuwa mai kauri, ya sa fis, ya ɗaure rile a inda ruwa ba zai taɓa shi ba, ya liƙe kowane baki da dalma. Ya fi awa biyu, bai ɗago kai ya kalli kowa ba. Iya ta kama hanya tana ɗingisawa, don tun lokacin gwiwarta ta fara damunta, har ta ɓace a bayan katanga. Baba ya ɗaga wa Dogo hannu.

Hon ya yi ƙara, kuma gaskiya ya fi na da nesa ba kusa ba. Nan take muka ɗauki tafi. "Ya yi, Baba! Ya yi!" Mai shayi har da ɗaga masa babban yatsa. Ka ga halinmu, ko wata biyu ba a yi ba mun koma ruwa. Baba ko kallonmu bai yi ba, idonsa yana kan kwanar.

Iya ta fito hannu a ƙasa. Ta tako takun nan ɗari a hankali, tana dafa gwiwa, kowa ya zuba mata ido. Ta zo ta tsaya daf da fuskarsa ta ce, "Bai yi ba."

Wani ya ce, "Haba Iya, ai ya yi ƙoƙari." Ta juya ta watsa masa harara. "Ƙoƙari zai tsallakar da mutum titi?" Ta koma kan mijinta. "Yana farawa da ƙarfi, sai ya shaƙe a ƙarshe. Da injin mai walda yana aiki, ba zan ji shi ba."

Na zaci ransa zai ɓaci, sabon aikinsa ne fa, a gaban jama'a. Sai na ga tsohon nan ya yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin haɗarin. Ya koma ƙarƙashin bonet ya bi wayar da yatsa tun daga batir, ya tsaya a kan notin da ya ɗaure ƙafar komawar wuta. Ya kwance shi ya kankara da wuƙa, sai ga sabon fenti yana ɓarewa. Ashe mai fenti ya feshe wurin da kauri bayan gyaran gaban motar, kankarar farko ba ta kai ga ƙarfe ba. Ya goge har wurin ya yi ƙyalli, ya mayar ya ɗaure tamau. Iya ta sake komawa.

Da Dogo ya danna a karo na biyu, mai shayi sai da ya zubar da rabin kofi a ƙafarsa. Iya ta fito daga bayan katanga hannu biyu a kunne, sannan ta cire ɗaya ta ɗaga mayafi tana kaɗawa. Da ta iso, Baba ya riƙo gefen hannunta ya ce, "Yaya muryar take? Faɗa min."

Ta ce, "Irin taka ce ta da, lokacin da kake kiran a kawo maka ruwan wanka."

Layi ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma na ga ya juya baya yana goge ido da bayan hannu, har baƙin mai ya shafe masa kumatu. Dogo kuwa kifa kai ya yi a kan sitiyari ya daɗe bai ɗago ba.

Mai baron ya warke, yana ɗan ɗingisawa, yanzu shi ke kula da shige da ficen kaya a shagon simintin da yake yi wa dako a da. Baba bai fasa zuwa duba shi ba duk mako har ya ajiye sanda. Shekara biyu ke nan kuma babu hon ɗin da ya bar shagon nan sai Iya ta ɗaga masa mayafi.

Baba, gwanin waya, mai ba ƙarfe murya, yau da kai nake. Kai ne ka koya wa direbobin layin nan cewa fis ba ya ƙonewa haka kawai. Kai ne ka shiga but da furfurarka don motar wata baiwar Allah ta tashi da safe. Amma ba waɗannan ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Kai ne ka tsaya a gaban gadon mutumin da aikinka ya karya, babu wanda ya kira ka, ka ce ni ne. Kai ne kuma ka bi kuskurenka mota-mota ka dawo da shi gida ka gyara, alhali ɗanka da likita da kowa sun ba ka hanyar da za ka zauna a rufe maganar. Na ga masu muƙamai da yawa a rayuwata, ban ga wanda ya yi haka ba.

Hannunsa har yau garau yake, idonsa ma haka. Abin da zai sa ya rufe shagon gwiwar Iya ce, likita ya ce ta daina wannan zirga-zirgar. Da muka ji, sai muka haɗu muka je masa, ni da mai faci da mai shayi da Dogo. Mai faci ya matsa kusa da kunnensa ya ce, "Kada ka rufe! Mu za mu riƙa tsaya maka a kwanar, kowa da ranarsa!"

Baba ya dube mu da fara'a, ya dafa kafaɗar mai faci ya ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ku kunyata kuke ji. Ita kaɗai ce za ta tako ta ce min bai yi ba."

Gaskiya ya faɗa.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa abin da ka yi wa masu tafiya a ƙasa ya tsaya maka. Ke ma Iya mun gode, Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya bar mana bakin nan naki yadda yake. Ku kuma masu sana'ar hannu da masu zaman ofis, in kun gane kun yi kuskure ku bi shi ku gyara kamar yadda tsohon nan ya yi, kuma in babbanku ya kauce ku faɗa masa tun kafin wani ya karye. Duk wanda Baba ya taɓa yi wa aiki, ya daure ya leƙa shagon kafin ƙarshen wata. Kada ku yi masa godiya daga gefe. Ku tsaya a gabansa inda zai ga bakinku, ku faɗa da ƙarfi.